Shawarar Gogaggun Nas-nas Kan Karatun Kula da Manya Masu Ciwo Mai Tsanani

Ma'aikatan jinya a Amurka da suka tattauna kan digiri na biyu a fannin jinyar manya masu ciwo mai tsanani sun fi nanata cewa kada a yi gaggawa. A fara yin shekara ɗaya ko biyu a sashen kulawa ta musamman, hannu ya saba da na'urar numfashi.

Inda muhawara ta yi zafi shi ne batun mai horarwa a asibiti. Wasu makarantu, musamman na intanet, ɗalibi suke bar wa nemansa, alhali ana buƙatar aƙalla awa 500 na horo a asibiti a ƙarƙashinsa. A tambaya kafin a biya ko sisi. A kuma tabbatar hukumar CCNE ko ACEN, masu tantance shirye-shiryen karatun jinya, ta amince da shirin, domin ANCC, cibiyar da ke ba ma'aikatan jinya takardar shaidar ƙwarewa, tana dubawa kafin jarrabawarta. Mai sha'awar jinyar ƙananan yara kuwa, wannan ba layinsa ba ne.