Don Allah ya zan yi wa manoma jawabi su gane?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara. Ƙungiyar manoman shinkafa ta unguwarmu nan Argungu sunka ce in yi bayani kan zuba taki ranar Asabar bayan la'asar, don na yi karatun aikin gona. Matsalata ita ce wancan karon da na yi magana na kwashe kusan minti 40 ina ta zancen nitrojin da hekta da kaso kaza cikin ɗari, da munka tashi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce yaro to yanzu buhu nawa zan saya? Wallahi abin ya tsaya mini a rai, mutanen ga kuɗinsu za su kashe kuma noman rani ya matso. Mi zan yi?

Malamin Jega:
Wa'alaikumussalam. Ƙanena ai dattijon nan ya riga ya ba ka amsa. Tambayarshi ita ce jawabinka gaba ɗaya: buhu nawa, yaushe, kuma ya za a zuba. Ka fara da ita tun daga bisimillah. Ni shekara da shekaru ina koyarwa kuma abin da na gani shi ne mutum ba ya komawa gida da abu goma, in ka yi sa'a ya riƙe biyu ko uku, to kai ka zaɓa mai ukun da kanka kar ka bari ya tsinta cikin tarin magana. Sannan ka maimaita. Ya tabbata a hadisin Anas cewa Manzon Allah (SAW) yana maimaita magana sau uku don a fahimta, kuma a hadisin Ammar an ce tsawaita salla da gajarta huɗuba alamar fahimtar mutum ce. Minti 15 ya ishe ka, ragowar lokacin ka bar su su yi tambaya.

Yar Zuru:
Yayana, ka bar zancen hekta ɗin nan don Allah, babanmu bai taɓa auna gonarsa da hekta ba, shi abin da ya sani gonar tana cin mudu kaza na iri tana ba da buhu kaza. Ka yi lissafinka tun a gida ka mayar da shi mudu da buhu. Kuma in da hali ka je da takin a kwano biyu, NPK daban yuriya daban, ka ɗaga su gani, ka ce wannan na farko ne lokacin dashe, wannan farin kuma raba shi ake yi kashi biyu ba a zubawa lokaci guda. Ba sai ka ce musu yuriya tana da nitrojin kashi 46 ba, ba abin da za su yi da lambar.

Baba Manomi:
Ni manomi ne a Suru, yarona ka rubuta mini wanga. Abin da ka ba mu haushi da ƴan boko shi ne saurin magana da sa turanci a tsakiya, kuma mu kunya muke ji mu ce ba mu gane ba gaban jama'a sai mu yi ta gyaɗa kai. Ka yi a hankali ɗana. In ka gama kar ka ce kun gane ko, kowa zai ce eh. Ka kira mutum ɗaya da girmamawa ka ce Alhaji a gonarka ya za ka yi, daga amsarshi za ka san inda maganarka ta tsaya.

Ɗan Fadama:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Yar Zuru zancen kwano biyun nan zan yi shi insha Allahu. Yau da dare zan gwada jawabin gaban kawuna tukunna, shi ma shinkafa yake nomawa kuma ba ya ɓoye ma mutum gaskiya. Saura lasifika, ban sani ba ko za su kawo don wancan karon waɗanda ke zaune a baya ba su ji sosai ba, zan kira sakataren ƙungiya gobe in tambaya.