Shin yawan ambato ya isa auna mai bincike a fannin cututtukan ciki da hanji?

Ɗalibar digiri na biyu:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina neman wanda zai jagoranci bincikena a fannin cututtukan ciki da hanji, don haka na kwatanta shafukan likitoci biyu a Google Scholar, dandalin neman maƙalolin masana a intanet. Na farko yana da maƙaloli masu ɗimbin yawa, kuma masana suna ta kafa hujja da su. Na biyu kuwa maƙalolinsa kaɗan ne, sai dai biyu daga ciki sun fito a Gut, ɗaya daga cikin manyan mujallun fannin. Shin yawan ambato hujja ne cewa na farko ya fi ƙwarewa? Kuma mece ce lambar h da nake gani a gefen shafin?

Ma'aikacin laburare:
Wa'alaikumus salam, Malama. Wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ne ya ƙirƙiro ma'aunin h a 2005. Idan aka ce lambar mutum 20 ce, ana nufin yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Lambar ba ta raguwa, sai dai ta ƙaru, shi ya sa wanda ya daɗe a fagen yakan fi matashi ko da ya daina bincike tuntuni. Ki kuma lura cewa Google Scholar yana ƙirga kundayen digiri da littattafai, saboda haka adadinsa yakan zarce na Scopus da Web of Science, wasu rumbunan bayanai biyu masu ƙirga ambato; kada ki ɗauki lambar wannan daga wuri ɗaya, ta wancan daga wani wurin.

Likitan ciki:
'Yata, tarihin fannin namu ya amsa tambayarki. Robin Warren da Barry Marshall, likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, sun gano cewa ƙwayar cutar da yanzu ake kira Helicobacter pylori tana da hannu a gyambon ciki, a lokacin da kusan kowa ya ɗora laifin a kan yawan asid da damuwa. A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsu ta ƙi karɓar taƙaitaccen rahoton binciken a taronta. A 1984 mujallar Lancet ta buga maƙalarsu da ta ƙunshi majinyata 100, kuma a shekarar ce Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki, cikinsa ya kumbura, domin ya nuna cewa tana sa wa mai lafiya ciwo. Duk da haka, sai a 1994 taron masana na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka ya amince a riƙa ba masu gyambon da ke ɗauke da ita maganin kashe ƙwayoyin cuta, kyautar Nobel kuwa sai a 2005. Ma'aunin tasirin mujallu da aka saba amfani da shi, wanda ke ƙirga ambaton da maƙalolin mujalla suka samu, shekaru biyu kacal yake dubawa, alhali wannan aiki ya yi shekara goma kafin ya sauya yadda muke rubuta magani.

Akwai kuma abin da ya kamata ki bincika a shafin mutum na farko. A fanninmu, takardun ƙa'idojin jinya, irin su ƙa'idojin Rome da rahotannin Maastricht, suna samun ambato mai yawa ƙwarai, kuma marubutansu da yawa ne, kowannensu yana kwasar ladan gaba ɗaya. Ki duba a maƙaloli nawa sunansa ya zo a farko ko a ƙarshe, domin a al'adar binciken likitanci marubuci na farko shi ne ya yi aikin, na ƙarshe kuma shi ne ya jagoranta.

Malamin jami'a:
Ranka ya daɗe, na yarda da kai, amma kada ɗalibar ta raina ƙidayar baki ɗaya, domin ita ma maƙalar 1984 ɗin an ambace ta sau dubbai daga baya. Ƙidayar ta makara ne, ba ƙarya ta yi ba. Malama, Scopus yana ba da damar cire ambaton da marubuci ya yi wa kansa, ki cire ki ga abin da ya rage. Bayan haka ki nemo maƙalolin nan biyu na Gut ki karanta da kanki, ki ga majinyata nawa aka bi da tsawon lokacin da aka bi su, sannan ki duba shafin likita na biyun ki ga ko sunayen ɗalibansa suna fitowa a farkon maƙalolinsa na shekarun nan.