"Najeriya ɗaya ce, amma kowa ya san gidan ubansa": me ake nufi?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum. Wannan magana da ake jingina wa marigayi Malam Aminu Kano ta zama karin magana, har an fi faɗin rabinta na biyu. Da rigimar rumfar kasuwa ko kujerar ciyaman ta taso sai wani ya jefo ta, wai baƙo ya kama gabansa. Haka take, ko karkatar da ita aka yi?

Malam Ɗanjuma Fagge:
Wa alaikumus salam. Karkatarwa ce, a duba tafiyar mai maganar. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda ya shugabanta daga 1953, da jam'iyyar NCNC ta Azikiwe ta ƙulla ƙawance, lokacin da NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa, ke cewa Arewa ta 'yan Arewa ce. A 1979 da ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP, Samuel Ikoku ɗan Arochukwu ne mataimakinsa. Mutum irin wannan ba zai ce a kori baƙo ba. Gidan uba shi ne inda alhaki ya rataya a wuyanka. Shi a gidansa ya fara faɗa: da En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, da haraji da jangali, da aikin tilas da ake sa talakawa. PRP na karɓar Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.

Hajiya Uwani:
Malam Ɗanjuma, Allah ya gafarta malam, ka sassauta ta da yawa. Ni a ganina maganar tsarin tarayya ce. Malam Aminu yana cikin gwamnatin Gowon wadda ta kasa ƙasar jihohi 12 a 1967, Kano ta samu tata. Wato a zauna tare, amma kowane yanki ya riƙe harkarsa, kada wani ya danne wani. Sai dai ina da tambaya. Ita mace ina gidan ubanta a takarda? Bakatsiniya ta yi shekara talatin tana aure a Kano, ta tara jikoki, muƙami ya fito: nan a ce ta koma jihar mahaifinta, can a ce ai ta bi miji. Mutumin da ya tsaya wa mata tun kafin matan Arewa su samu damar jefa ƙuri'a a 1976, da wuya wannan ya yi masa daɗi.

Barista Sani:
Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙar. Kundin tsarin mulki na 1999 kansa baki biyu yake yi. Sashe na 41 ya ce ɗan ƙasa zai zauna duk inda ya ga dama. Sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila, addini ko asali. Amma sashe na 14(3) ya kawo rabon muƙamai daidai tsakanin jihohi, 147(3) kuma ya ce kowace jiha a ba ta aƙalla minista ɗaya, kuma ɗan asalinta.

Daga nan takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin wuri, ta yi ƙarfi. Yadda ake yi a galibin Arewa: mai unguwa ya shaida ya san mahaifinka, dagaci da hakimi su sa hannu, sakatariyar ƙaramar hukuma ta buga hatimi. Ba a tambayar inda aka haife ka ko inda kake biyan haraji, asalin uba ake bi. Da ita ake shiga soja da ɗan sanda da aikin gwamnatin tarayya. A jami'o'in tarayya ma kashi 45 cikin 100 na gurabe ne na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a ilimin boko. Wanda kakansa ya zo Jos haƙar kuza, Jos ta hana shi, ƙauyen kakan kuma ba mai unguwar da ya san shi, to ya faɗi ba nauyi. Rikicin Jos na 1994 da na Satumbar 2001 duk naɗin muƙami da gardamar wane ne ɗan gari na cikin abin da ya kunna su.

Ɗan Sabongari:
To Barista, ashe masu jefa wa baƙo ita suna da madafa a doka?

Barista Sani:
A naɗi da gurbin aiki da na karatu kawai. A zaɓe babu. Inda kake zaune nan kake yankar katin zaɓe, kuma sashe na 177 bai sa asalin jiha cikin sharuɗɗan takarar gwamna ba. Tun a shekarun 1950 Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu a ƙarƙashin NCNC.

Malam Ɗanjuma Fagge:
Shi ya sa nake cewa a san wa ake gaya wa. Sanatan da ya tare a Abuja, firamaren garinsu ba rufi, yara na zaune a ƙasa, shi ya cancanci a tuna masa gidan ubansa. Mai sayar da kayan gyaran mota a Sabongari da aka haifa a Kano, yake biyan kuɗin rumfa duk wata, ba shi ba ne.

Hajiya Uwani:
Na karɓi wannan. Amma tambayata kan matan aure har yanzu ba wanda ya amsa.