Masu kiɗa da waƙa a majami'a, yaushe ku kuke yin taku sujadar?

Mai piyano, Tunfure:
Salama gare ku 'yan'uwa. Tun da aka ɗora mini piyano a ikkilisiyarmu, babu Lahadin da na zauna a benci kamar kowa. Fasto yana addu'a, ni ina kiɗa a hankali, idona na kan bakinsa don in san inda zai ce amin. Ana wa'azi, hankalina na kan waƙar baiko. Jama'a su fito suna cewa yau an sha albarka, ni kuwa in naɗe wayoyi in koma gida ban ce wa Ubangiji komai ba. Abin yana damuna ƙwarai. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, yaya ya yi?

Mai tulu a Zumuntar Mata, Kaltungo:
Sannu da hidima, ɗana. Shekarar da maigidana ya rasu, ko addu'ar cin abinci gagara ta take yi. Da aka share makoki na koma zumunta, na ɗauki tuluna kamar kullum, sai shugabarmu ta karɓe shi ta miƙa wa wata, ta zaunar da ni a tsakiya. Suka yi ta rairawa, da Hausa da Tangale, ni sai hawaye. Haka muka yi har damina ta wuce, babu wadda ta tambaye ni yaushe zan koma bugu. Addu'ar da na kasa yi, su suka yi mini ita.

Mu a zumunta ba a taɓa tulu ko caki sai an durƙusa tukuna, kowace ta faɗi nauyin da ta zo da shi. A cikin abokan kiɗanka, wa ya san abin da ke cin zuciyarka?

Mai ganga, Billiri:
Mama, Allah ya ƙara haƙuri. Ni dai nawa daban ne. In ina kan ganga, nan nake jin na fi kusa da Allah, kuma Zabura 150 cewa ta yi a yabe shi da kayan kiɗa. Inda nake bushewa shi ne wurin koyon waƙa ranar Asabar. Addu'ar buɗewa minti biyu, sauran lokacin duk gardama ce kan wa zai ja baiti, wa ya ƙara wa makirufo ɗinsa murya, wa zai sayo man janareto. Ka fito daga nan da ɓacin rai, gobe da safe a ce ka ja jama'a zuwa gaban Ubangiji.

Tsohon shugaban mawaƙa, Dadin Kowa:
'Ya'yana, ku buɗe 1 Tarihi sura 25. Mawaƙan da Dawuda ya keɓe a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun su 288 ne, aka kasa su kashi 24, kowane kashi mutum 12, aka jefa kuri'a a kan aikinsu. Ba a ɗora hidimar a wuyan mutum guda ba. Zabura 88 kuma, wadda ke ɗauke da sunan Heman, kuka ce daga farko har ƙarshe, da duhu ma ta ƙare. Ka ga ba kai ne mawaƙi na farko da ransa ya yi nauyi ba.

Ni ma na ɗanɗana. Akwai lokacin da Jibin Ubangiji ke wuce ni ina tsaye ina kaɗa hannu, gurasar ma a gurguje nake haɗiye ta don kada baiti ya faɗi. Na koya wa matasa biyu jan waƙa, na je gaban dattawa na roƙi Lahadi ɗaya a wata in zauna kusa da iyalina. Wasu ba su so ba, wai yaran za su ɓata sujada. Sun yi tuntuɓe da farko, gaskiya ne, amma jama'a suka tallafe su da murya. Tun 1917 da masu mishan na SIM suka iso Kaltungo ake yabon Yesu a ƙasar Tangale, kuma majami'ar ƙauyen da na tashi a ciki ba ta da piyano, ba ta da lantarki. Rashinka na mako guda ba zai hana waƙa tashi ba.

'Yar Sabon Rai, Bambam:
Mu kafin mu fita wa'azi ƙauyuka, azumi muke yi tare, kowa kuma yana da abokin addu'a. Tawa takan kira ni da asuba ranar fita, mu yi addu'a ta waya. Yaya, ka nemi mutum ɗaya wanda ba ya cikin masu kiɗa, wanda ba zai tambaye ka zancen waƙa ba.

Mai piyano, Tunfure:
Na gode Mama, na gode Baba, na gode 'yan'uwa. Akwai wata yarinya a cikin matasanmu da take tsayawa bayana tana kallon yatsuna bayan an tashi sujada, zan fara koya mata ranar Asabar. Baba, zancen dattawan nan, Fasto zan fara samu ko sakataren ikkilisiya?

Tsohon shugaban mawaƙa, Dadin Kowa:
Fasto, kuma a gidansa, ba a bakin majami'a ba. Ka faɗa masa yadda ka faɗa mana, ka roƙe shi ya yi addu'a tare da kai kafin a kai maganar gaban dattawa.