Malam ya ce labari kawai nake maimaitawa, ina nazarin?

Abdulkarim, Harobanda:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina shekarar farko a fannin adabi a nan Yamai. In aka ba mu guntun rubutu mu yi sharhi, sai malam ya dawo mini da takarda da jan biro: "Ka sake ba ni labarin da na sani, ina nazari?" Wallahi ina karantawa, ina kuma fahimta. To me ake so in gani wanda ban gani ba? Ku taimake ni, jarabawa ta matso.

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kai kana amsa "me ya faru", malam kuwa "ta yaya aka faɗe shi" yake nema. Ɗauki sakin layi ɗaya tak, kada ka kama babi. A ce an rubuta: "Ta dire masa tuwo, ta juya." Mai maimaita labari zai ce ta kawo wa mijinta abinci. Mai nazari zai tsaya a kan "dire". Don me ba a ce "ajiye" ba? Ina sallama, ina "ga abinci, maigida"? Jimlar ma gajeriya ce, an datse ta. Ba a ambaci fushi ko sau ɗaya ba, amma gidan nan babu lafiya. Sai ka rubuta haka, ka kawo kalmar a matsayin hujja. Duk maganar da ba za ka iya ɗora yatsa a kan layin da ya ba ka ita ba, ka share ta.

Malam Isufu, Tawa:
Hadiza ta gama magana a kan zube, wato rubutun da ba waƙa ba. In waƙa ce, ɗana, kada ka karanta da ido kaɗai, rera ta da ƙarfi. Ƙirga ɗangogin baiti, wato layukansa, ƙwar biyu ce (layi biyu) ko ƙwar biyar, ka saurari amsa-amo (sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layi) da kari (ma'aunin bugun waƙar). Inda mawaƙi ya karya abin da ya saba, nan za ka haƙa. Abin da ke ba ni haushi da ɗalibai shi ne su jero "akwai kamance, akwai kambamawa" su wuce. To sai me? Wane aiki kamancen ya yi wa jigon?

Ramatu:
Ni fensir nake riƙewa, in zagaye duk kalmar da ta dawo fiye da sau biyu, da inda "kai" ya koma "ku". Ku haɗu ku uku a fada da shayinku, kowa ya kare fahimtarsa da layi.

Abdulkarim:
Allah ya saka da alheri. Amma Malama, in fahimtata ta saɓa wa ta malam fa?

Malama Hadiza:
Rubuta taka, muddin hujjarka tana cikin nassin. Turo sakin layin da aka ba ku na ƙarshe yau da dare, mu bi shi tare jimla jimla.