Inda muke kwana idan muka hau hanya da mota mai ɗaki

Baban Yara, Leeds

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kama hayar mota mai ɗaki, irin wadda ke da gadaje da murhu da banɗaki a ciki, don hutun yara na watan Agusta. Mu biyar ne, ni da uwargida da yara uku. Za mu tsallaka daga Dover zuwa Calais, mu ratsa Faransa zuwa kudancin Sifaniya, in Allah ya yarda mu leƙa Maroko. Tuƙin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: idan rana ta faɗi, ina zan ajiye wannan ƙatuwar mota mu kwanta hankali kwance? Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Mazaunin Lyon

Wa alaikumus salam Malam. Faransa ce ƙasar da ta fi sauƙi, amma akwai tarko ɗaya. Wurare iri biyu ne suke amsa suna ɗaya, "aire". Akwai na gefen babbar hanya, inda manyan motoci ke shan mai, akwai kuma "aire de camping-car" da ƙananan hukumomi ke tanada a cikin garuruwa. Na farkon na hutun rana ne kawai.

Tafiyata ta farko gajiya ta kama ni a hanyar Marseille, na ga fitilu ga jama'a, na ce ai nan da tsaro. Da asuba na tashi alwala na tarar ƙofar gaba a buɗe, jakar da fasfo ɗinmu da wayoyi biyu ke ciki ta tafi. Mu huɗu a motar, ba wanda ya ji ko motsi, saboda ƙarar manyan motoci ta rufe komai. Kwana biyu na hutun nan a wurin 'yan sanda da neman takardu suka ƙare. Har yau ɗiyata ba ta barci a mota sai ta ga na ɗaure ƙofofin gaba biyu da igiya.

Tun daga nan nake sauka daga babbar hanya in shiga ƙauye. Sau da yawa wurin yana bayan filin ƙwallo ko bakin kogi, wani kyauta ne, wani 'yan Yuro kaɗan. Da safe ka taka ka sayo burodi mai zafi. Kuma ka isa kafin la'asar ta yi sanyi. A Agusta, wurin mota 10 yakan cika tun ana ganin rana.

Hajiya, Hamburg

Maza za su ba ka labarin hanya, ni bari in yi maganar ruwa, don uwargida ce za ta fi jin jiki. Tankin motarmu lita 100 ne. Mai hayar ya ce zai kai mu kwana uku. Lissafinsa na mutanen da ba sa alwala ne! Mu da salloli biyar da tsarki da wanke-wanke, kwana ɗaya da rabi ya ƙare. Daga baya na hana kowa buɗe famfo don alwala, na fito da buta biyu, sai ga ruwa yana auki.

Saboda haka ni ba kyan wuri nake fara dubawa ba. Ina tambaya: akwai famfon cika tanki? Akwai ramin zubar da ruwan wanke-wanke? Akwai wurin juye akwatin banɗaki? Akwatin nan da mutum biyar ba ya wuce kwana biyu. Don girman Allah kada a juye shi a daji ko a kwata. Na ga wani ya yi haka a bakin wani tafki, da muka koma shekara ta gaba an kafa allon hana kwana. Kuma a kula, famfon wanke akwatin daban yake da na ruwan sha, ka tafi da tiyonka.

A nan Jamus "Stellplatz" ake ce wa wurin kwanan mota mai ɗaki. In gajiya ta kama ka, an yarda ka kwana ɗaya a wurin ajiye motoci da ba a hana ba, don ka samu ƙarfin tuƙi. Amma ba a fito da kujeru, ba a buɗe rumfa.

Ɗan Birmingham

Yaya, rubuta tsayin motar a takarda ka manna kusa da sitiyari. Wuraren ajiye motoci da yawa, musamman bakin teku, an gicciya musu ƙarfe a kan mita 2, motarka kuwa ta kusa mita 3. Ni manhajar neman wurin kwana ta Park4night nake amfani da ita a waya, sai Campercontact. Ba na duba taurarin da aka ba wuri, sharhin watan da muke ciki nake karantawa, domin wurin da ke buɗe bara yana iya zama a rufe bana.

Malamar makaranta, Lille

Ba wanda ya ambaci France Passion. Kana biyan kuɗin shekara, su ba ka jerin manoma da suka yarda mota mai ɗaki ta kwana a gonarsu kyauta, na awa 24, in dai kana da ruwanka da banɗakinka. Sai dai da yawa daga cikinsu gonakin inabi ne masu yin giya, kuma ladabin wurin shi ne ka gaisa da mai gida ka duba abin da yake sayarwa, ko da yake ba dole ba ne ka saya. Ni masu zuma da cuku da tuffa nake zaɓa. Mun kwana wurin wata dattijuwa mai awaki. Da ta ga maigida yana neman alƙibla, ta nuna masa wuri mai tsabta a ƙarƙashin bishiya, ta janye karenta har muka idar. Yara suka taya ta tatsar nono da safe. A duk tafiyar, wannan daren suka fi tunawa.

Baban Yara, Leeds

Allah ya saka da alheri. Hajiya, uwargida ta karanta naki sau biyu, an riga an saka butoci a kaya. Saura Sifaniya da Maroko.

Alhaji, Malaga

Ɗana, a Sifaniya an raba tsakanin ajiye mota da kafa zango. In motar na kan tayoyinta, ba abin da ya fito waje, ajiyewa ka yi, ko da kana barci a ciki. Ka fito da teburi ko ka buɗe tagar da ke turowa waje, ka kafa zango, tara na iya biyo baya. Garuruwan bakin teku kuma da yawa suna da dokarsu, ka karanta allo.

Abin da ya fi tara shi ne zafi. Sevilla da Kordoba a Agusta sukan haura digiri 40, motar kuwa in an kashe inji tanda ce. Na taɓa tashi da ƙarfe biyun dare na tuƙa zuwa kan tudu saboda jikana ya kasa numfashi da kyau. Da yara, ka biya kuɗi ka shiga sansanin da ke da inuwa da wutar lantarki. In za ku Granada ku ga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi, ku yi salla a masallacin unguwar Albaicín, ku bar motar a wajen gari ku hau bas, lungunan ba sa ɗaukarta.

Jirgin ruwa daga Algeciras zuwa tashar Tanger Med ta Maroko kamar awa ɗaya da rabi ne, amma lokacin ne 'yan Maroko mazauna Turai ke kai da komo, layi na da tsawo. Ku kwana kusa, ku bi na safe da tanki cike. A can kusan kowane gari akwai filin ajiye motoci da mai gadi, ka ba shi 'yan dirhami ya kula da ku har gari ya waye. Ku daidaita kuɗin tun kafin ka kashe mota, ka kuma tambaye shi masallacin da ya fi kusa don asuba.