Idan kibiya ta kauce wa huhu: abin da ake karantawa, da abin da ake gyarawa

Baba Ɗanjuma, Ohayo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Farautar baka ta buɗe, kuma bana muna da sababbin hannu. Ku kawo abin da kuka sani game da harbin da bai sauka daidai ba a jikin barewar nan mai farar wutsiya, da bakan gargajiya, wanda ba shi da gargare ko na'urar saiti. A nan Amurka doka ba ta san dafi ba. Maharbin gida yana iya dogara da dafin kwankwani ya ƙarasa masa aiki ko a cinya ya sami nama, mu kuwa kaifin ƙarfe ne kaɗai. Wurin da ake nema, huhu da zuciya, bai wuce faɗin faranti ba, kamar santimita 20, bayan ƙafar gaba.

Malam Isiyaku, Fensilbaniya

Wa alaikumus salam Baba. Aiki yana farawa ne daga daƙiƙar da tsirkiya ta bar yatsa. Kada a motsa. A riƙe abu uku a ka: inda take tsaye, yadda ta gudu, da bishiyar ƙarshe da ta wuce kafin ta ɓace. Wadda ta harba ƙafafun baya sama ta zura a guje, yawanci ƙirji aka samu. Wadda ta ƙudundune baya, ta yi 'yan taku, ta ci gaba a hankali wutsiya a ƙasa, ciki ne ko hanta.

Bayan rabin sa'a a sauko daga bishiya a duba kibiya, ita ce shaidar da ba ta ƙarya. Jini ja mai haske da 'yar kumfa, huhu ne, a bi. Jini mai duhu, kamar zoɓon da ya ji wuta, ba kumfa, hanta ce: a ba ta sa'a huɗu zuwa shida. Ruwa kore ko ƙasa-ƙasa, da ɓurɓushin ciyawa da wari, tumbi ne ko hanji: sa'a takwas zuwa goma sha biyu, ba ragi. A shinshina kibiyar, domin wani lokaci jini yana wanke gashinta amma warin yana nan. Farin gashi da maiƙo a jikin sandar na nufin ta bi ta ƙasan ƙirji.

Dalilin jiran shi ne barewar da aka samu a ciki takan kwanta kusa, sau da yawa cikin yadi ɗari biyu, kuma in ba a tashe ta ba nan za a same ta. In aka tashe ta, ramin da kibiya ta huda ya riga ya toshe da kitse ko hanji, za ta yi nisa ba tare da ɗigo ɗaya ba. A janye ta hanyar da aka shigo, ko da zagaye ne.

Sani mai walda, Minesota

Na ƙara da abu ɗaya, Malam. Jinin tsoka yana ruɗar mutane: ja ne, da yawa a yadi ɗari na farko, sai ya koma ɗigo, sai ya ɗauke. Yawan jini a farko ba ya nuna an taɓa wuri mai kisa.

Baba Ɗanjuma, Ohayo

Haka ne ɗana. To me ya sa kibiyar ta tafi can tun farko?

Injiniya Bala, Merilan

Ranka ya daɗe, mafi yawan kuskuren bakan gargajiya sama yake tafiya, kuma dalili biyu ne. Na farko sauti. Kibiyarmu tana tafiyar kusan mita 50 a daƙiƙa, ƙarar tsirkiya kuwa mita 340. A nisan yadi 20 ƙarar tana isa kunnen barewa tun kibiya ba ta ci kwatan hanya ba. Tana durƙusawa ne don ta ɗauki gudu, sai gadon bayanta ya sauko inda ƙirji yake. Magani: a nufi kashi ɗaya cikin uku na ƙasan ƙirji, a ɗaura ulu ko gashi a tsirkiya don kashe ƙara, kuma kada a harbi wadda ta ɗaga kai ta kafe kunnuwa. Ni ban yarda da wuce yadi 18 ba, ko da mutum yana haɗa kibiyoyi wuri guda a yadi 30 a bayan gida.

Na biyu kujerar kan bishiya, inda maharbi yake zama yana dakon barewa. Mutum ya sauke hannun baka kawai maimakon ya sunkuya daga ƙugu, sai jansa ya gajarta, matsayin ido da kibiya ya canza. A ja baka a miƙe, a kafa yatsa a kusurwar baki, sannan a karya ƙugu.

Akwai kuma kallon dabba gaba ɗayanta. Mai harbi ba na'ura inda ido ya tsaya nan kibiya take zuwa, kuma tsakiyar barewa ciki ne. A zaɓi gashi guda ko wata 'yar inuwa a bayan kafaɗa. In ta ɗan juya baya, a nufi ƙafar gaba ta ɗaya gefen. In ta fuskanto ka a karkace, a bar ta ta wuce.

Sani mai walda, Minesota

Sanyi ma yana cin jan baka. Bayan sa'a uku a zaune, mai bakan da nauyin jansa laba 55 ne ba ya kai tsirkiya baki, ga hannun riga mai kauri yana marinta. Gara laba 45 da ake iya ja a daskare. Batun allon kafaɗa kuma, in kibiya ta shiga inci uku ko huɗu ta tsaya, nauyi da kaifi za a duba. Gwaje-gwajen Dakta Ed Ashby, mai binciken yadda kibiya ke ratsa dabba, sun nuna sai kibiya ta kai gren 650, wato kusan giram 42, take yawan fasa ƙashi mai kauri, kuma kan kibiya mai baki biyu ya fi ratsawa. Kan da bai aske gashin hannu ba bai isa shiga kwari ba, kuma a sake wasa shi bayan 'yan kwanaki, zama cikin kwari kaɗai yana dakusar da shi.

Malam Isiyaku, Fensilbaniya

Wajen bin sawu, mutum biyu sun isa. A bi ta gefen jini, kada a taka shi. A rataya guntun takardar bayi a kowane ɗigo, in aka waiwaya za a ga layin tafiyarta. A duba ganyaye a tsayin gwiwa zuwa ƙugu, ba ƙasa kaɗai ba. Ganyen kaka yana da jajayen tabo, sai a ɗiga ruwan haidirojin na wanke ciwo: in ya yi kumfa jini ne. In sawu ya ɓace, a tsaya a kira mai kare kafin a tattake wurin. Yawancin jihohi sun halatta karen bin jini a igiya, amma a duba dokar jiha, a kuma nemi izinin mai gona kafin a tsallaka shinge.

Wadda ba a samu ba, ba lallai ta mutu ba. A binciken da aka yi a McAlester ta Oklahoma tsakanin 1995 da 1997, maharban bakan gargajiya sun harbi 22 daga cikin mazan barewa 80 da aka sa wa na'urar bibiya. An ɗauko 11. Cikin 11 da suka ɓace, uku ne raunin ya kashe. Wannan ba hujjar sakaci ba ce, amma yana nuna raunin tsoka da na kafaɗa sukan warke.

Alaramma Habibu, Jojiya

Jama'a, akwai gefen da ya shafe mu. A yi bisimilla lokacin sakin kibiya, kuma wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugu, domin in an tarar da ita da sauran rai sai an yanka. Hadisin Adiyyu bin Hatim ya halatta cin abin da aka samu bayan kwana ɗaya ko biyu in babu alamar komai a jikinsa sai ta kibiyarka, ban da wanda aka tsinta a cikin ruwa. Imam Malik kuwa ya karhanta cinsa in ya kwana. To harbin ciki dab da magariba yana nufin kwana ke nan, ga koyoti, wato dilan Amurka, ga ɗumin Oktoba a nan kudu da ke lalata nama kafin asuba. Shi ya sa na fi son zaman safe, kuma da yamma duk harbin da ke da shakka a riƙe shi.

Baba Ɗanjuma, Ohayo

Allah ya saka, Alaramma. Wanda ya samu tasa, kada ya zubar da kayan ciki sai ya duba: ina kibiya ta shiga, ina ta fita, huhu ɗaya ta ratsa ko biyu, ta taɓa hanta ko a'a. Ya auna nisan harbin da taku, ya rubuta tare da kalar jinin da nisan da ta yi kafin ta faɗi, ya kawo mana nan da hoton kan kibiyar.